Amsa: Me ake dubawa kafin ɗan takarar shugaban ƙasa ya ɗauki mataimaki?

Ɗan uwa ka tambaya cewa in jam'iyya ta gama fidda gwani, ta yaya ɗan takarar shugaban ƙasa ke zaɓen wanda zai masa mataimaki, ƙuri'a ake bi ne, ko addini da yanki, ko kuwa amana, kuma wanne ya kamata ya zo gaba. Toh bari in faɗa maka matsayata tun yanzu don kar ka yi ta jira. Tambayar farko da ya kamata a yi ita ce, in yau da daddare shugaban ya rasu ko ciwo ya kwantar da shi, wannan mutumin zai iya riƙe ƙasar gobe da safe? Sauran abubuwan duk suna da nauyinsu kuma zan taɓo su, amma bayan wannan suke. Abin da ke damuna shine a ɗakin da ake yanke hukuncin, wannan tambayar ce ta ƙarshe da ake yi in ma an yi ta, saboda ba wanda ke son ya kalli oga ido cikin ido ya ce masa ranka ya daɗe, in Allah ya yi maka rasuwa fa?

Bari in fara da doka tunda ita ba ta jin lallashi. A Najeriya sashe na 142 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce takarar mutum ba ta ma inganta ba sai ya tsaida abokin takara daga jam'iyyarsa, kuma duk sharuɗɗan da ke kan shugaban suna kan mataimakin: ɗan ƙasa ta haihuwa, shekara 35 zuwa sama tun gyaran 2018, shaidar karatu aƙalla ta sakandare ko makamanciyarta, kuma kar ya miƙa wa INEC takardar bogi. Tikiti ɗaya ne, in ƙafar mataimaki ta zame tare za su faɗi. Wanda ke ganin wasa ne ya tuna Bayelsa. David Lyon na APC ya ci zaɓen gwamna, an gama shirin rantsuwa tsaf, ranar 13 ga Fabrairu 2020 ana gobe za a rantsar da shi Kotun Ƙoli ta rushe nasarar gaba ɗaya, shi bai yi laifin komai ba, takardun mataimakinsa ne aka samu sunaye suna cin karo da juna, shikenan Douye Diri na PDP ya hau. Ko Kashim Shettima sai da PDP ta kai shi har Kotun Ƙoli kan zargin ya riƙe takara biyu, ta sanata da ta mataimaki, sai ranar 26 ga Mayu 2023 aka kori ƙarar, saura kwana 3 rantsuwa.

Shi ya sa inda ake aikin da gaske, kafin a ce wane ne sai an zaunar da lauyoyi biyu ko uku masu riƙe sirri, a karɓo takardun duk wanda sunansa ke cikin lissafi a baje su kan tebur ɗaya, satifiket ɗin firamare, na WAEC, na jami'a, na bautar ƙasa, a dinga bin sunan harafi bayan harafi. Nan an rubuta Muhammad can an rubuta Mohammed, nan akwai sunan kaka can babu, shekarar haihuwa a fasfo daban a takardar makaranta daban, toh ina takardar rantsuwar kotu da ta haɗa su? A tura mutum takanas har makarantar ya buɗe rajista ya gani da idonsa, kar a yarda da fotokwafi. A duba fom ɗin bayyana kadara, a duba haraji, a duba ko yana da wata shari'a da ke kwance a EFCC ko ICPC, a sa yara masu jinin intanet su tono duk wani tsohon bidiyo da ya taɓa zagin wata ƙabila ko wani addini a ciki, domin in ku ba ku tono ba abokan hamayya za su tono muku ana saura sati biyu zaɓe. Daga ƙarshe ɗan takarar da kansa ya rufe ƙofa daga shi sai mutumin, ya tambaye shi tsakaninka da Allah akwai wani abu da in ya fito gobe zai ba mu kunya? A 1972 George McGovern na Amurka ya yi gaggawa ya ɗauki Sanata Thomas Eagleton ba tare da wani bincike na kirki ba, daga baya ta fito cewa an taɓa kwantar da shi asibiti kan ciwon damuwa. Ciwo ba laifi ba ne, kowa na iya yi, amma rashin sanin tun farko ya sa McGovern ya fara cewa yana tare da shi, sannan ya juya ya sauke shi bayan kwana 18, mutane suka ce wanda ya kasa tsayawa kan magana ɗaya ta yaya zai riƙe ƙasa. Jiha 49 cikin 50 ya faɗi. Dama abokin karawarsa Shugaba Nixon ya fi shi ƙarfi a shekarar, amma wannan ya ƙarasa shi.

Yanzu maganar ƙuri'a, wadda ita ce kowa ke rantsuwa da ita. Za ka ji ana cewa a ɗauko gwamna wane, zai kawo jiharsa da yankinsa duka. Gaskiya wannan lissafin ya fi yawa a baki fiye da a akwati. Mutane shugaba suke zaɓa, hotonsa ne babba a fosta. Dubi 2023 kawai: Atiku Abubakar ya ɗauki Ifeanyi Okowa, gwamna mai ci a Delta, jihar da a lokacin PDP ke riƙe da ita tun 1999, amma Peter Obi ne ya lashe Delta da rata mai yawa. Shi kuma Obi ya ɗauki Yusuf Datti Baba-Ahmed ɗan Kaduna, Atiku ne ya ci Kaduna. A Amurka ma haka, John Edwards bai kawo wa John Kerry jiharsa ta North Carolina a 2004 ba, Paul Ryan bai kawo wa Mitt Romney Wisconsin a 2012 ba. Misalin da aka fi kafa hujja da shi shine Lyndon Johnson da ya taimaki Kennedy ya ci Texas a 1960, kuma kaga ai sama da shekara 60 kenan ana ta maimaita misali ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin ba kullum yake faruwa ba.

Abin da mataimaki ke kawowa da gaske kala biyu ne a ganina. Akwai wanda ke zuwa da jama'ar siyasa, wato mutanen da ke da wakili a kowace mazaɓa, masu kwana a rumfar zaɓe har a ƙirga. Obasanjo a 1999 daga kurkuku ya fito ba da daɗewa ba, ba shi da tsarin siyasa nasa, yankinsa na Yarbawa ma jam'iyyar AD suke yi, abin da Atiku ya kawo masa shine gidan siyasar marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa, PDM, wanda ke da jijiya a ko'ina. Atiku har ya riga ya ci gwamnan Adamawa, ya bar kujerar Boni Haruna ya hau. Haka Yemi Osinbajo a 2015, ba wai shi a karan kansa yana da miliyoyin ƙuri'u ba, farfesan shari'a ne kuma fasto, tsohon kwamishinan shari'a na Legas, amma shine hatimin yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin ɓangaren Buhari da ɓangaren Tinubu. Ka gwada da 2011 lokacin da Buhari ya ɗauki Fasto Tunde Bakare, shi ma Bayarabe, shi ma fasto, ga iya magana, amma babu jam'iyyar yankin a bayansa, ko jiha ɗaya Buhari bai ci a Kudu ba. A 2015 ya ci biyar cikin shida na Kudu maso Yamma. Kaga ashe ba ƙabilar mutum ko addininsa kaɗai ke aiki ba, su waye suka tsaya masa.

Na biyun shine saƙo. Zaɓen mataimaki shine hukunci babba na farko da jama'a ke gani ɗan takara ya yanke shi kaɗai, da shi suke auna hankalinsa. Obama a 2008 ana masa gorin ƙuruciya da rashin sanin harkar ƙasashen waje, sai ya ɗauko Joe Biden wanda ke shugabantar kwamitin harkokin waje na majalisar dattawa. Trump a 2016 Kiristoci masu ra'ayin riƙau ba su gama sakin jiki da shi ba, Mike Pence ne ya kwantar musu da hankali. Lula na Brazil a 2022 ya ɗauko Geraldo Alckmin, mutumin da suka kara da shi a zaɓen 2006, don ya nuna wa 'yan kasuwa da masu matsakaicin ra'ayi cewa tafiyar ta kowa ce. A ɗaya gefen kuma John McCain, yana da shekara 72, duk kamfen ɗinsa a kan gogewa ya gina shi, sai ya ɗauko Sarah Palin wadda ba ta cika shekara biyu tana gwamnan Alaska ba, satin farko taro ya cika maƙil ana ta murna, da aka fara yi mata tambayoyi a talabijin sai mutane suka koma lissafin shekarun McCain. Da hannunsa ya rushe hujjar da yake yaƙar Obama da ita.

Sai batun yanki da addini, wanda na san shi ne ainihin abin da ke ranka. A nan ba zan yi maka kwana-kwana ba, a ƙasa irin Najeriya daidaito wajibi ne, kuma tsarin mulkin da kansa ya tilasta shi ta bayan gida: sashe na 134 ya ce bayan rinjayen ƙuri'a sai ka samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, yanzu jiha 24 kenan. Ba yadda za a yi yanki ɗaya ya ba ka wannan. Awolowo a 1979 ya ɗauki Philip Umeadi, duk su biyun 'yan Kudu kuma Kiristoci, ya tsaya a jiha 5 cikin 19, shi kuwa Shehu Shagari da Alex Ekwueme suka bazu a faɗin ƙasa. Tun daga nan babu babbar jam'iyyar da ta ci mulki da tikitin yanki ɗaya. Tanzaniya ma su a rubuce suka sa, in shugaba daga babban yankin ƙasar ya fito dole mataimaki ya zama ɗan Zanzibar, in an juya ma haka.

Addini kuwa ya ɗan fi sarƙaƙiya, domin sau biyu aka gwada Musulmi da Musulmi kuma duk aka kai labari. MKO Abiola da Babagana Kingibe a zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda aka soke, sun doke Bashir Tofa da Sylvester Ugoh har a Kano. Sai Tinubu da Shettima a 2023. Lissafin a fili yake, ɗan takara Musulmi daga Kudu yana tsoron in ya ɗauki Kirista daga Arewa zai rasa ƙuri'ar Musulmin Arewa wadda ita ce mai yawa, musamman ga Atiku da Kwankwaso a fili. Lissafin ya yi aiki, amma ka dubi adadin, Tinubu ƙuri'a miliyan 8.79 ya samu, wajen kashi 37 cikin ɗari, ya faɗi Legas, ya faɗi Abuja da Filato da Nasarawa, kuma ba za ka raba wannan da fushin da tikitin ya tayar ba. Ra'ayina shine ana iya cin zaɓe da irin wannan tikitin, amma bashi ne ka ɗauka, za ka yi shekara huɗu kana biya da muƙamai da lallashi, kuma duk abin da ya faru a ƙasa sai an fassara shi da addini. Sai dai kuma ina gargaɗi da ɗaya ɓangaren, kar a ɗauko mutum don sunansa kawai ya yi daidai da fosta alhali mutanen da aka ce yana wakilta ba su san shi a cikin lamuransu ba. Jama'a ba yara ba ne, suna gane wanda aka ɗauko don cike gurbi.

Toh mu dawo kan abin da na ce shine gaba. Mutane na kiran mataimaki safaya taya, suna faɗa da raini, alhali duk direban da ya taɓa yin faci cikin dare a dajin da ba kowa ya san ranar da lafiyar safaya ke zama maganar rai da mutuwa. A Amurka mataimaka 9 ne suka gaji kujera a tsakiyar wa'adi, 8 saboda mutuwa, ɗaya saboda murabus ɗin Nixon a 1974. A nahiyarmu cikin 'yan shekarun nan kaɗai, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu kan mulki a 2010, Bingu wa Mutharika na Malawi da John Atta Mills na Ghana a 2012, Michael Sata na Zambiya a 2014, John Magufuli na Tanzaniya a 2021. Yawancin 'yan takaranmu kuma sun haura 65, wasu sun haura 70. Don haka wanda ke zaɓen mataimaki, da yiwuwar shugaban ƙasa na gaba yake naɗawa, shi kaɗai, ba deliget ba talaka.

Namu na 2007 ya kamata ya zama darasin da ba za a manta ba. Kowa ya san Malam Umaru yana fama da rashin lafiya tun yana gwamnan Katsina, ana tsakiyar kamfen ma a watan Maris 2007 sai da aka fita da shi Jamus. A irin wannan yanayin kujerar mataimaki ita ce kujera mafi muhimmanci a ƙasar. An yi ta ambaton Peter Odili na Ribas, daga ƙarshe aka tsaya kan Goodluck Jonathan, wanda a lokacin shekara ɗaya kacal ya yi yana gwamnan Bayelsa, bayan an tsige ubangidansa Gwamna Alamieyeseigha a Disamba 2005. Hujjojin suna da ma'ana, yankin Neja Delta na ci da wuta ana so a kwantar da shi, ga mutum mai sanyin hali wanda ba zai takura wa kowa ba. Ba ina cewa Jonathan bai cancanta ba, wannan wata muhawara ce daban, kuma ko ba komai ya amince da faɗuwa a 2015 ya miƙa mulki lafiya. Abin da nake cewa shine waɗanda suka haɗa tikitin ba su shirya wa ranar da kowa ke hangowa ba. Shugaba ya tafi Saudiyya ranar 23 ga Nuwamba 2009 ba tare da ya rubuta wa majalisa takardar miƙa ragama ba, ƙasa ta zauna sama da wata biyu ba a san wa ke riƙe da ita ba, mataimaki na nan amma ba shi da ikon sa hannu, na kusa da shugaba ba su yarda da shi ba, sai ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta fake da hujjar larura ta maishe shi muƙaddashi. Bayan rasuwar a ranar 5 ga Mayu 2010 kuma sai rigimar karɓa-karɓa ta tashi, Arewa na cewa wa'adinta bai ƙare ba, shi kuma tsarin mulki ya ba shi damar takara, wannan wutar ce ta yi ta ci a cikin PDP har gwamnoni 5 suka fice zuwa APC a Nuwamba 2013. Duk wannan daga hukuncin da aka yanke cikin 'yan kwanaki a Disamba 2006 ya samo tushe. Daga baya ne aka gyara sashe na 145 aka sa iyakar kwana 21, kuma kaga bambanci a 2017 da Buhari ya yi sama da kwana 100 a Landan, ya bar takarda, Osinbajo ya riƙe, ƙasa ba ta tsaya ba.

Akwai wani ɓangaren na wannan da ba a cika faɗa ba, wato ba iya aiki kaɗai ba, shin in ya gaje ka zai ci gaba da abin da jama'a suka zaɓe ka dominsa? Abraham Lincoln a 1864 ya ɗauki Andrew Johnson, ɗan Kudu kuma ɗan wata jam'iyya, don nuna haɗin kan ƙasa ana cikin yaƙin basasa. A fosta abin ya yi kyau. Aka harbe Lincoln a Afrilu 1865, Johnson ya hau ya dinga hawa kujerar naƙi kan dokokin kare haƙƙin bayin da aka 'yanta, har majalisa ta nemi tsige shi a 1868 ya sha da ƙuri'a ɗaya, baƙar fatar Amurka sun daɗe suna ɗanɗana kuɗar wannan zaɓin. Shi kuwa Roosevelt a 1944 manyan jam'iyyarsa sun ga jikinsa ya yi rauni, suka matsa aka ajiye Henry Wallace aka ɗauko Harry Truman, a nan sun yi tunanin gado, amma Roosevelt bai jawo shi jiki ba, kwana 82 da rantsuwa ya rasu, sai bayan Truman ya zama shugaba aka zaunar da shi aka yi masa cikakken bayanin shirin bam ɗin nukiliya, makamin da shi ne zai yanke hukuncin jefa shi bayan wata huɗu.

Na san abin da za ka ce, kuma shine abin da 'yan takara ke faɗa a ɓoye: in na ɗauko mai ƙarfi ai zai zame min ƙarfen ƙafa. Tsoron nan ba na banza ba ne. Obasanjo da Atiku sun raba gari tun wajen zaɓen fidda gwani na 2003, rigimar tazarce ta 2006 ta ƙarasa abin, Atiku ya koma jam'iyyar AC yana kan kujera, Obasanjo ya ce kujerar ta zama babu kowa, Kotun Ƙoli a Afrilu 2007 ta ce shugaba ba shi da ikon korar mataimakinsa, sai dai majalisa ta tsige shi ta hanyar sashe na 143. Ka riƙe wannan da kyau, minista kana iya sallamarsa da sanarwar layi biyu, mataimaki kuwa in ka ɗauka ka ɗauka kenan sai shekara huɗu. A Kenya Uhuru Kenyatta da William Ruto sun yi wa'adi na biyu kusan ba sa ga maciji tun bayan sulhun Uhuru da Raila Odinga a 2018, shi ma Ruton ya ɗauko Rigathi Gachagua a 2022 don ƙuri'un yankin Dutsen Kenya, ƙuri'un sun zo, amma shekara biyu kacal aka tsige Gachagua a Oktoba 2024. A Malawi Mutharika ya kori Joyce Banda daga jam'iyya a 2010 don yana so ƙaninsa ya gaje shi, da ya rasu na kusa da shi suka yi ta jan ƙafa wajen sanar da mutuwar suna neman hanyar tsallake ta, da ƙyar tsarin mulki ya yi halinsa.

Amma in ka bi waɗannan rigingimun a tsanake za ka ga ba ƙarfin mataimaki ne ya haddasa su ba shi kaɗai. Auren dole ne aka ɗaura don ranar zaɓe, ba a taɓa zama an yi maganar bayan zaɓe ba. Wa'adi nawa za ka yi? In ka gama za ka mara min baya ko kowa tasa ta fisshe shi? Wane aiki ne nawa? Mutanena muƙami nawa za su samu? Kowa ya yi shiru da nasa a ciki saboda kunya ko wayo, sai an shiga ofis 'yan fada su shiga tsakani, wannan ya kai gulma can wancan ya kawo nan, yau an hana mataimaki ganin oga sai da izinin shugaban ma'aikata, gobe an janye masa wasu hadimai, jibi ka ji shi ma ya fara taron dare da gwamnoni. Maganin ba shine a ɗauko raggo ba, domin raggon ma in mulki ya faɗo hannunsa wasu ne za su juya shi, kuma waɗannan ba wanda ya zaɓe su. Tun ran gini tun ran zane, a yi maganar a buɗe kafin a sanar da suna.

Wanda ya nuna yadda ake yi shine Jimmy Carter da Walter Mondale a 1976. Carter tsohon gwamnan Georgia ne bai san Washington ba, ya gana da waɗanda ke cikin lissafinsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya tsaya kan Mondale wanda ya daɗe a majalisar dattawa. Bayan sun ci, Mondale ya rubuta masa takarda kan yadda yake ganin aikin ya kamata ya kasance, suka amince: ofis a cikin fadar kusa da na shugaba, duk bayanan sirrin da shugaba ke gani shi ma ya gani, damar shiga kowane taro, da cin abinci tare su biyu sau ɗaya a mako ba hadimi ko ɗaya. Kusan duk waɗanda suka biyo baya a kan wannan tsarin suka ɗora. A Najeriya tsarin mulki ya ba mataimaki shugabancin Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki ke zama, yana kuma cikin majalisar tsaro da ta magabata, amma in ka cire waɗannan sauran duk sai abin da shugaba ya ga dama ya miƙa masa. Don haka wanda za a ɗauka ya zama mai fahimtar tattalin arziki ko aƙalla wanda gwamnoni za su ji nauyinsa in ya buga tebur. Ghana sun gwada wannan da Akufo-Addo ya ɗauko Mahamudu Bawumia daga Babban Bankin ƙasar a 2008, Musulmi ɗan Arewa kuma masanin kuɗi, ya riƙe shi har zaɓe huɗu. Kuma tunda na ambaci Ghana, John Mahama ya tsaya da Farfesa Jane Naana Opoku-Agyemang a 2020 suka faɗi, bai canza ta ba, suka dawo a 2024 suka ci, ta zama mace ta farko a kujerar. Mu daga 1999 zuwa 2023 babbar jam'iyya ko ɗaya ba ta gwada mace ba, kuma ba don babu waɗanda suka isa ba ne.

Saura abu ɗaya da ake rainawa alhali yana kada tikiti, wato yadda za ka sallami waɗanda ba ka ɗauka ba. Kujera ɗaya ce, masu so goma, tara za su ji ciwo, kuma kowannensu yana da jama'a. A zaɓen fidda gwanin PDP na Mayu 2022 Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237, bayan Tambuwal ya janye wa Atiku. Aka kafa kwamitin neman mataimaki, Gwamna Ortom na Binuwai ya fito ya ce mafi yawan 'yan kwamitin Wike suka nuna, Atiku ya ɗauki Okowa. Haƙƙinsa ne, kuma ina fahimtar mutumin da ya taɓa zama mataimakin da aka yi rigima da shi ya ce yana son wanda za su zauna lafiya. Kuskuren shine in ka san ba za ka bi shawarar kwamiti ba kar ka kafa shi, kuma in za ka tsallake wanda ya zo na biyu toh kai da kanka za ka taka har gidansa kafin sanarwa, ka faɗa masa baki da baki, ka ajiye masa wani abu mai nauyi a hannu. Abin da ya biyo baya kowa ya gani, gwamnoni 5 suka ja daga, Ribas, Oyo, Binuwai, Abiya da Inugu, kuma ko ɗaya cikin jihohin nan Atiku bai ci ba, a zaɓen da ratar da ke tsakaninsa da Tinubu ba ta wuce miliyan 1.8 da ɗoriya ba. Reagan a 1980 akasin haka ya yi, George Bush ne ya fi kowa caccakar tsarin tattalin arzikinsa a zaɓen fidda gwani, shi ya ɗauka, jam'iyya ta haɗe suka yi shekara 8 tare.

Dabarar nan ta ajiye sunan wucin gadi kuma, kamar yadda Tinubu ya fara miƙa sunan Kabiru Masari, Obi ya miƙa na Doyin Okupe a 2022 don kar wa'adin INEC ya wuce su, tana sayo lokaci amma tana da haɗari, domin doka ba ta san wani ɗan riƙo ba, wanda aka rubuta shine ɗan takara har sai ya janye da hannunsa a rubuce. In za a yi, a tabbata mutumin amintacce ne, takardunsa su ma an tantance su kamar na ainihin, kuma lauyan jam'iyya ya riƙe kwanakin janyewa da na maye gurbi a tafin hannunsa.